Kwafin da Mai Tambari Ta Sa Aka Goge

Duk wanda ya taɓa kai wa Mai Tambari aiki ya san dokar ɗakinta: ka tsaya daga bakin ƙofa, ka faɗi abin da ke tafe da kai, kada idonka ya ƙetare labule. Ba rowar wurin zama take yi ba. Bayan labulen nan injin surfaninta yake, da tsohuwar kwamfutar da ke ba shi umarni, kuma a cikin kwamfutar nan duk abin da ta zana a rayuwarta yake kwance: bajon makarantu, tambarin ƙungiyoyi, furannin wuyan riga, sunayen jarirai na kan tawul, da wani reshe mai ganye da mata ke takowa daga nesa dominsa.

Masu cewa matar nan zargi ya yi mata yawa ba su yi ƙarya ba, sai dai ba sa faɗin mafarin. Tana budurwa ta shiga kamfanin ɗinka kayan ma'aikata, a ɓangaren sa maɓalli. Da ido ta koyi injin surfani, tana leƙen mai sarrafa shi lokacin hutun rana. Ranar da ta zana tambarinta na farko, shugaban ɓangarensu ya karɓa ya ce zai duba mata, ya wuce da shi ofishin manaja ya ce nasa ne. Shi aka ƙara wa girma, ita aka ce ta koma kan maɓallinta. Da kamfanin ya durƙushe aka raba wa ma'aikata kaya a madadin sallama, kowa ya yi wawar keken ɗinki, ita ta rungumi injin da babu mai so, da kwamfutarsa mai nauyin tsiya. Daga baya wata aminiyarta ta roƙi ta nuna mata wani fure, kallo kawai. Wata bai zagayo ba furen ya cika kasuwa. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma me zai yi?

Kuma aikin ba na wasa ba ne. Ba hoto ake ɗauka a zuba wa injin ba. Ɗigo-ɗigo ake nuna masa inda allura za ta sauka, inda za ta juya, inda zare zai yi kauri, inda zai yanke. Ganye ɗaya kan cinye mata yini. Da wannan aikin ta ɗauki gidan tun da ciwon baya ya raba mijinta da tuƙin babbar mota, ya dawo ya kafa kujera a baranda shi da rediyonsa.

Kwamfutar, wadda take kira Dattijuwa, asalinta fara ce, ta rine ta koma launin tsohon haƙori. Sai ta fara ciwo. Ana tsakiyar aiki ta ɗauke, ta bar allura a tsaye cikin yadin mutane. In an kunna ta, wani abu a cikinta yana ƙaras-ƙaras kamar ɓera a bayan kabad.

Maigidan ne ya ce, “Ki kira Auta ya duba mana. Muna da mai gyara a gida kina ta shafa mata kai kamar jinjira.”

Auta ƙaninsa ne. A gidan ya girma, ita ta wanke masa kayan makaranta, yanzu yana da shagon gyaran kwamfuta a jerin shagunan bakin tasha. Ita Injiniya take ce masa, da wata irin murya da ba ta yabo ba.

Ya zo da rana, ya kasa kunne jikin akwatin, ya yi tsaki.

“Matar Yaya, faifan da ke riƙe da ajiyarki ne ke shure-shure. Wannan kakar taki ta kusa. Amma kada ki damu, aikin shan shayi ne. Kwafi ne kawai. In kwashe duk abin da ke cikinta in zuba a sabuwa, shi ke nan.”

“Ka kwashe ka kai ina?”

“Cikin laftof ɗina tukuna, mu gwada. In ta karɓa, sai ki sayi irinta. Kada ki sayi abu mu zo ya ƙi.”

“Laftof ɗinka. Wanda kake saɓawa a kafaɗa kana yawon gari da shi.”

“To a kai zan ɗora shi?”

Ta yarda, amma da sharaɗi. A ɗakin za a yi komai, tana zaune. In yamma ta yi zai tafi, ya goge duk abin da ya kwafa a gaban idonta.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Ai ko na goge, mu masu gyara muna dawo da abin da aka goge. Aikinmu ne.”

Bakinsa ne ya ja masa. Ta gyara zama ta ce, “Ashe? To akwai gogewar da ba ta dawowa?”

Ya sosa ƙeya ya ce akwai, sai dai tana cin lokaci.

“Ita za ka yi. Lokaci ba naka ba ne.”

Ya ce to ya zuba mata a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ta riƙe a hannunta. Ta ce abin da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ke da ire-irensa cike da aljihu, wa ya san wanda zai miƙo mata da wanda zai koma da shi? Kuma ko na gaskiyar ya ba ta, gidan baƙi ba sa yankewa. Abu ɗaya ake gadi, in ya zama biyu ya fi ƙarfin mai gadi. Ya ce to ya goge zanen kawai, ya bar manhajar da ke tuƙa injin. Ta ce ita ba ta san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba, shi ya sani, don haka duka. Ta ce ko kuwa ya bar laftof ɗin ya kwana a ɗakin. Ya ce akwai ajiyar mutane a ciki, shi ma ba ya barin amanar wani a hannun wani. Wannan magana ta tsaya mata a rai. Wato ita ce wani.

Aka fara. Ya zare faifan, ya jona shi da laftof ɗin, kwafi ya ɗauki rabin yini yana rarrafe. Sannan ya yi wani abu da ya ba ta mamaki: ya gina wa Dattijuwa ɗaki a cikin sabuwar, ɗakin ƙarya, mai kama da nata. Sai ga fuskar da ta saba gani ta bayyana a gilashin laftof, da shuɗin nan nata, da jerin zanenta. Ashe haka abin yake da sauƙin ɗauka.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Da ya danna a buɗe zane, manhajar ta ƙi. Ya ce tana neman wata lamba da ke jikin allon tsohuwar, in ba ta gan ta ba sai ta ce ba gidanta ba ne. Kafin ya gano inda lambar take yamma ta yi, aka goge, ya tafi.

Kashegari aka sake kwafi daga farko. Ya yi wa manhajar ƙaryar lambar, ta haɗiye, zane ya buɗe. Sai aka zo jona inji. Igiyar injin bakinta faffaɗa ne mai haƙora da yawa, laftof ba shi da irin wannan rami. Sai da ya zagaye kasuwar tsofaffin kaya kafin ya samo abin haɗi. Da aka jona aka danna, injin ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi, allura ta yi ta duka har ta karye, guntunta ya yi tsalle ya bugi labule.

“Ka kashe min inji!”

“Ba ni ba ne, sauri ne ya yi yawa. Ita manhajar nan ba ta duba agogo. Da bugun zuciyar tsohuwar take ƙirga lokaci. In ta ce wa allura jira kaɗan, kaɗan ɗin na Dattijuwa ne. A nan kuwa kafin ki ƙifta ido an gama ƙirgar.”

“To ka rage mata.”

“In rage zuwa nawa? Wa ya rubuta ya ajiye min?”

Nan kam da gaskiyarsa, kuma nan abin haushin yake. Kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da mutuwa, ya shige kabari da sirrinsa. Sun sayar wa mutane abu, sun ɗaure shi da akwati ɗaya kamar akuya da turke, ba su bar takarda ko ɗaya da za ta ce ga yadda waɗannan biyun ke magana da juna ba. Su sun ci ribarsu sun watse, an bar mace da ƙanin mijinta suna lalube suna hararar juna.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Da safe kwafi, da rana gwaji, da yamma gogewa. Ya rage sauri, injin ya koma jan ƙafa yana tsayawa yana tunani. Ya ƙara kaɗan, haruffa suka fito daidai, har ta fara sakin fuska. Aka sa ganye, sai gefensa ya fito da tsini-tsini kamar bakin zarto. Aka gyara wannan, injin ya ɗauki yanke zare a inda ba a ce ya yanke ba. Tsummokaran gwaji suka taru a ƙarƙashin tebur.

Maigidan yakan leƙo daga baranda. “Yau ma ba a haihu ba?”

“Yaya, naƙudar ce doguwa.”

“Ko ungozomar ce ba ta iya ba,” in ji Mai Tambari.

Amma a ranta ba ta yarda kasawa yake yi ba. Mutumin da ya fito da fuskar Dattijuwa a gilashinsa cikin yini ɗaya, shi ne zai kasa ganye? Tana kallon yatsunsa ko da yaushe. In ya sa hannu aljihu sai ta miƙe. In ya ce zai zaga bayi sai ta ce ya bar wayarsa a tebur. Da ya ce yana so ya tafi da Dattijuwa shagonsa, inda yake da na'urar da za ta saurari yadda take aika wa injin saƙo, sai ta ce a ranta, yauwa, an zo wurin. Kare ya gama shinshina takalmi.

“Ba inda za ta.”

“To ki bar ni in ajiye kwafi ɗaya. Wallahi kowane kwafi da muke yi yana cin ran faifan nan. Ba kya jin kukansa? Kamar ki sa mara lafiya ya yi ta hawa bene ne kullum.”

“Tsoratarwa ce ta rage?”

“Gaskiya ce, matar Yaya.”

“Gaskiyar masu gyara. Kullum abu ya kusa mutuwa sai an bar muku shi ya kwana.”

Ana cikin haka ta fita sayen zare, hanya ta bi da ita ta gaban shagon Mai Kai Shida. Shi wannan sabon shiga ne a sana'ar, yana da inji mai kawuna shida da ke ɗinka riga shida a lokaci guda, amma zanensa duk na kowa da kowa ne, kuma ya taɓa aiko mata a kan ta sayar masa da reshen nan, ta kori ɗan aiken. Ta waiga, sai ga Injiniya a ciki, ya sunkuya kan kwamfutar mutumin, laftof ɗinsa a buɗe a gefe, suna ta ƙyalƙyala dariya.

Ba ta sayi zaren ba. Da ya zo kashegari ta tare shi tun daga baranda.

“Nawa ya ce zai ba ka?”

“Wa?”

“Abokin dariyarka.”

“Haba! Firintarsa ce ta ƙi. Duk layin nan ni nake musu gyara, in daina cin abinci don kina gaba da shi?”

“Firinta. Da laftof a buɗe.”

“Da me zan gwada, da goshina? Ai abin da ke ciki ke kika sa na wanke shi tas jiya da yamma!”

Maigidan ya rage muryar rediyo. “Ke, yaron nan a hannunki ya tashi fa.”

“Shi ya sa na san shi. Wa ke shanye madarar yara ya cika gwangwanin da ruwa?”

“Ina ɗan firamare fa lokacin!”

“Hali zanen dutse.”

Ya tsaya kamar zai juya, sai ya dubi yayansa, ya shiga ɗakin. Ranar bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya zare faifan ya jona. Layin da ke nuna tafiyar kwafi ya fara rarrafe kamar kullum. Bai kai rabi ba faifan ya yi wani ƙara da ba su taɓa ji ba, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki. Layin ya tsaya.

Ya cire ya mayar. Ya mayar da faifan cikin Dattijuwa ya kunna, gilashinta ya kawo baƙi da ɗan rubutu fari a sama. Ya sake zaro shi, ya naɗe a leda ya sa a firji, ya ce wani lokaci sanyi kan tashe shi na ɗan lokaci. Ita dai tana tsaye, ba ta ce masa mahaukaci ba, abin da da can da ta faɗa. Faifan bai tashi ba. Da bakinta ta ce ya ɗauka ya tafi da shi duk inda ya san ana iyawa. Ya kai wa wani da ya fi shi kayan aiki, aka buɗe, aka ce cikin ya karce, babu abin da za a tsinta.

Abin da ya tsira shi ne ɗan abin da ya riga ya haye a safiyar nan: manhajar, da haruffa, da tsofaffin bajo na zamanin kamfani. Furannin wuya sun tafi. Tambarin ƙungiyoyi sun tafi. Reshen ya tafi.

Ta yi kwanaki ba ta ɗaga labulen ba. Masu aiki suna zuwa, maigidan yana ba su haƙuri daga kujerarsa. Sannan wata safiya ta yi wanka ta saka mayafinta mai kyau, ta nufi bakin tasha. Sai da ta fara bi ta gaban shagon Mai Kai Shida, a hankali, tana duba rigunan da ya rataye ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta yi shekaru tana tsoron gani, ranar shi take addu'ar ta gani. Babu. Furanninsa ne na kowa da kowa.

Shagon Injiniya ƙunci ne da shi, ga ƙaurin dalma, ga gawarwakin kwamfuta jibge har rufi. Ya share mata benci. Ta zauna ta yi ƙasa da murya.

“Ɗan'uwana, magana na zo mu yi ta fahimta. In ka ajiye, ba zan yi faɗa ba. Ko yayanka ba zai ji ba.”

“Ban ajiye ba.”

“Na san na matsa maka. Kowa aka matsa wa haka zai yi dabara. Ai ba sata ba ce, hankali ne.”

“Matar Yaya, ban ajiye ba.”

“Ko mutumin can ka ba, ka faɗa min. Ni zan je da ƙafata in roƙe shi. Ya riƙe reshen, ya ɗinka, na yafe. Ya ba ni kwafi kawai.”

Ya ajiye abin da ke hannunsa. “Kin san sau nawa na yi niyya? Ina jin kukan faifan nan ina cewa, kai, ka ɓoye ɗaya don ranar da za ta zo. Amma kin ce kada in yi. Kuma na ce a raina, ranar da kika kama ni da shi, duk abin da kike faɗa a kaina ya tabbata. Na gaji da zama ɓarawo a gidan da na girma.”

“Kai da ka ce kuna dawo da abin da aka goge.”

“Ban da irin wadda kika sa ni.”

Ta dube shi, ta dubi durowar da ke bayansa. Ya ga inda idonta ya sauka, ya jawo durowar ya zazzage a tebur: filashi kala-kala, da faya-fayai masu ɗaure da roba. Ya ware nasa gefe, ya yi ta jona su ɗaya bayan ɗaya yana juyo mata gilashin. Waƙoƙi, hotunan 'ya'yansa, kayan aikin gyara. Har rana ta karkata.

“Waɗancan fa?” Ta nuna tarin da bai taɓa ba.

“Na mutane ne. Ba na buɗe wa kowa.”

“Ko ni?”

“Ko ke.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka ba amsar da ta zo nema. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta yi masa sallama da fara'ar da ya daɗe bai gani ba.

A gida ta ce wa maigidan, “Kwafin yana nan. Cikin tarin can yake. Fushi yake yi da ni, kuma da gaskiyarsa. In ya huce zai kawo.”

“In kuma babu fa?”

“Ka san ƙaninka, na san ƙaninka. Yaron da ke da wayon nan ba zai bar abu irin wannan ya salwanta ba.”

Maigidan ya ƙara muryar rediyo.

Ta sayi kwamfuta irin wadda ya ce. Ya zo ya gina wa manhajar ɗakinta a ciki, ya daidaita saurin iya abin da ya iya. Haruffa suna fita lafiya, lanƙwasa ce har yau sai ta yi wa injin dabara, ta ƙara ɗigo inda da ba ta sawa. Tana bin tsofaffin masu kawo mata aiki tana aron rigunansu, ta shimfiɗa a tebur, ta sake zanawa daga jikin zaren. Wasu sun dawo, wasu sun ƙi. Reshen ta gwada ta gwada, matan da suka san na da suna cewa ya yi kyau, da irin muryar da ake gaida mara lafiya.

Shi kuwa Injiniya bai taɓa jin daɗin matar yayansa kamar yanzu ba. In ta yi girki mai kyau sai an kai masa shago da zafinsa. Ta ɗinka wa 'ya'yansa riguna da sunayensu a ƙirji. Ta daina tuna masa madara. In ya zo gidan ita ke kawo masa ruwa da hannunta, ta zauna tana tambayarsa kasuwa, can kuma sai ta kafe aljihun rigarsa da ido.

Ya san abin da take jira. Rannan ya ce wa yayansa a baranda, a hankali don kada ta ji, “Yaya, ka ce ta daina aiko min da abincin nan. Wallahi ba ya wuce min wuya.”

Yayan ya ce, “Ci abinka. Ranar da ta yarda kai mai gaskiya ne, ranar za ta yi kukan da ba ta yi ba.”